Koya wa ɗaliban zanen gini aiki a cikin birni

Abin da na tsinta a wata tattaunawa da malaman zanen gini suka yi kan yadda za a koya wa ɗalibai aiki a cikin birni, kusan kowa ya yarda kar ɗalibi ya taɓa fensir sai ya taka unguwar da za a yi ginin da ƙafarsa safe da yamma, ya ga ina mutane ke bi, ina inuwa ke faɗawa, ina ruwan sama ke kwanciya. Wani ya kawo taswirar Roma da Nolli, wani masanin zanen gini ɗan Italiya, ya yi a 1748, gine-gine da baƙi, tituna da filaye har cikin coci-coci da fari, ya ce a sa su zana unguwa haka za su gane sararin da ke tsakanin gini da gini ma aikinsu ne. Wannan kam ta fi kwanta min.

An ce kuma duk ajin su haɗa samfurin unguwar da kwali, kowa ya dasa nasa ginin a ga ko ya tare wa maƙwabta iska da haske. Wajen zana hawan gini na ƙasa, wanda ke bakin titi, a matsa wa ɗalibai sosai, dogon bango ba ƙofa ba taga wallahi kashe titi yake yi. Dokokin tsara birni ne aka ɗan saɓa, wasu sun ce a koyar da su tun ajin farko, wasu sai hannu ya faɗa.