Harafin 庆: yadda kowannenmu ya fara gamuwa da shi

Sabuwar ɗaliba, Wuhan:
Assalamu alaikum yayyena. Wata huɗu ke nan da na fara ajin Sinanci, kuma a makon nan aka ba mu harafin 庆, wanda ake karantawa qìng, aka ce ma'anarsa yin biki ko murnar wani abu. Rubutunsa bai ba ni wuya ba, jan alƙalami shida ne kawai. Inda zan sa shi a magana ne ya ɗaure mini kai. Shekaranjiya ƙawata ta ci jarrabawa, na ce mata wǒ qìngzhù nǐ, ina nufin ina taya ki murna, sai ta ce ta gane nufina amma ba haka ake faɗi ba. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga harkar nan, ku faɗa mini yadda kuka kama shi.

Ɗan kasuwa, Guangzhou:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ni ban taɓa zama a aji ba, a bango na koye shi. Shekarata ta farko da zuwa sayayya na sauka a ƙarshen Satumba, na ga an rataya jajayen ƙyallaye a kan tituna da ƙofofin kasuwanni, harafin nan yana ta maimaituwa. Ban tambayi kowa ba. Ranar 1 ga Oktoba na wayi gari masana'antar da ke haɗa mini kaya ta sallami ma'aikata, ofisoshi a rufe, tikitin jirgin ƙasa ya yi wuyar samu. Ashe 国庆节 ne, Guóqìngjié, bikin ranar da aka kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, hutun kusan mako guda. Na ci kuɗin masauki na kwana bakwai ban saya ban sayar ba. Tun daga lokacin, in na hango 庆 sai na tsaya na duba abin da ke gabansa. In 店庆 ne, kanti ne ke bikin cikar shekara, akwai rangwame. In 婚庆 ne, masu shirya bikin aure ne. Rabin 庆 na sama, 广, na riga na san shi, don shi ne harafin farko a sunan Guangzhou.

Malamar Sinanci, Abuja:
'Yata, ƙawarki ta yi gaskiya. 庆祝, qìngzhù, abu ake yi wa, ba mutum ba. Ana qìngzhù nasara, ko cikar shekara, ko buɗe sabon wuri. In za ki taya mutum murna, 恭喜 za ki ce, gōngxǐ, ko gōngxǐ nǐ, kamar dai barka a wurinmu. In fatan alheri ne sai ki ɗauki 祝 shi kaɗai: zhù nǐ shēngrì kuàilè, ina yi miki fatan farin ciki a ranar haihuwarki.

Sannan ki lura da bakin mutane a gida da kasuwa. Sun fi cewa 过, guò, wato wucewa ko shafe lokaci. Guònián, yin bikin sabuwar shekara. Guò shēngrì, yin ranar haihuwa. Qìngzhù yana da ɗan nauyi, ya fi zama a jawabi da jarida da waɗancan ƙyallaye da Alhaji ya gani. Ana faɗinsa tsakanin abokai ma, kamar a ce mu je mu ci abinci mu qìngzhù yíxià, wato mu ɗan yi murna, amma sai an sami wani abin da ya faru.

Abin da na fi nanata wa ɗalibaina shi ne karin sauti, kuma a nan Bahaushe ya fi da yawa sa'a, don kunnenmu ya saba da shi tun daga goyo. Qìng sauti na huɗu ne cikin karin sautin Sinanci, mai faɗowa daga sama, irin wanda muke yi a yau, ko mai na girki, ko kai na jiki. Harafin q kuma ba k ba ne, ya fi kusa da c ɗinmu, da ɗan furzar da iska. In kika bar muryar ta nutse ta taso, ya koma qǐng, 请, wato don Allah ko bismillah.

Tsohon ɗalibi, Xi'an:
Malama ta gama magana kan furuci, ni ɗigo zan ja miki kunne a kai. A shekarata ta biyu aka sa ni rubuta sanarwar bikin ɗaliban ƙasashen waje a babbar takarda, da hannu. Na zauna na tsara shi da kyau, aka liƙa a bango. Wani ɗan ajinmu Basine ya jawo ni gefe a hankali ya nuna mini cewa na rubuta 厌 a maimakon 庆. Ki dube su da kyau. Duka jan alƙalami shida ne. A 庆 ɗigon yana can saman rumfar, ƙarƙashinta kuma 大 ne, babba. A 厌 rumfar ba ta da ɗigo, ya sauko kafaɗar 大 ya mayar da shi 犬, kare. Shi kuwa 厌 yàn ne, ƙi ko gundura, shi ne a cikin tǎoyàn, abin da mutum ya tsana. Na ji kunya ƙwarai, don mutane da dama sun riga sun karanta.

Abin da ya raba ni da kuskuren shi ne bin tsarin rubutu yadda aka koyar. A 庆 da ɗigo ake farawa, sai layin kwance, sai wanda ya zubo hagu, sannan a shiga ciki a yi 大. A 厌 ɗigon ne na ƙarshe. In hannu ya saba farawa da ɗigo, ba zai ɓata ba.

Sabuwar ɗaliba, Wuhan:
Yaya, na duba littafina yanzu, wallahi sau biyu na yi irin naka ban sani ba. Na gode.

Injiniyan mai:
Ni a sunayen garuruwa na riƙe shi. Na yi horo a Daqing, can lardin Heilongjiang inda sanyi ke tsaga leɓe. Sunan 大庆 na nufin babban biki, don an haƙo man wurin a ƙarshen Satumban 1959, ana dab da bikin cika shekara 10 da kafa ƙasar. Chongqing kuma, 重庆, murna ninki biyu ce. A 1189 wani yarima na daular Song mai suna Zhao Dun, wanda aka fara ba sarautar yankin, ya hau gadon sarautar ƙasa, sai aka sa wa garin wannan suna. Ki kula, 重 a nan chóng ne, maimaitawa, ba zhòng mai nufin nauyi ba. Akwai Anqing a Anhui, akwai Zhaoqing kusa da inda Alhaji yake.

Mai koyon rubutun buroshi:
Ku yi haƙuri, ni na fi son tsohon salon harafin. A Taiwan da Hong Kong har yau 慶 suke rubutawa, jan alƙalami 15. Malamin da ke koya mini ya buɗe shi gida-gida: a sama akwai guntun harafin barewa, a tsakiya zuciya, 心, a ƙasa ƙafa mai tafiya. Tsohon ƙamus na Xu Shen, wanda aka haɗa wajen shekara ta 100, ya bayyana shi da zuwa taya wani murna, ya ce fatar barewa ake kaiwa kyauta a sha'anin farin ciki. Da na ji haka sai na tuna yadda ake zuwa barka a gida, ba a zuwa hannu rabbana. Da aka sauƙaƙa haruffa a 1956 barewar da zuciyar suka fita. Na san sauƙin ya taimaki miliyoyin masu koyon karatu, ni ma da sabon nake rubuta saƙo a waya, amma in na ɗauki buroshi tsohon nake yi.

Ɗan kasuwa, Guangzhou:
Malama, to in Sallah ta zo fa? Abokan cinikina suna tambaya me ya sa na rufe waya, ni kuma sai dai na ce hutu.

Malamar Sinanci, Abuja:
Alhaji, ƙaramar Sallah 开斋节 ce, Kāizhāijié, bikin buɗe baki. Babbar kuma 古尔邦节, Gǔ'ěrbāngjié, daga ƙurban na Larabci, wasu kuma su ce 宰牲节, bikin yanka. Musulmin Hui da ke sayar da taliyar Lanzhou a unguwarku sun san su sarai. Ka ce musu wǒ guò Kāizhāijié, ya wadatar. In ƙungiyarku ce za ta buga ƙyalle a ƙofar wurin taro, a nan ne za ku sa 庆祝 a gaba, kuma kafin a rataya a ba wani ya duba inda ɗigon ya zauna.