Abin da na tattaro kan fetur mai itanol a injin jirgin ruwa

Jama'a maganar da ake ta yi kan illar fetur mai itanol (wani nau'in barasa da ake gauraya wa fetur) a injin jirgin ruwa ta yi tsawo, ga dai abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda babbar matsalar ruwa ce. Itanol yana zuƙar danshi, tankin jirgi kuwa yana da hanyar shan iska, to idan mai ya daɗe a ajiye sai ruwan ya haɗu da itanol su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda inji yake jan mai. Mai injin da ake gauraya masa baƙin mai shi ya fi cutuwa, don wannan kwantaccen ruwan babu baƙin mai a ciki.

2. Itanol yana cin tsohon tiyo da robobi, yana kuma ɓamɓaro dattin tanki ya toshe filta da kafireta.

3. E10, wato fetur mai itanol kashi 10 cikin ɗari, sababbin injuna suna ɗauka. E15 kam, mai kashi 15, kada ma a gwada.

4. Inda aka rabu shi ne ajiye jirgi na watanni. Wasu sun ce a cika tanki a zuba maganin adana mai, wasu sun ce a juye shi tas. Ni dai ƙaramin tanki gara a juye.

5. A sa filta mai raba ruwa da mai, a riƙa dubawa.