Mishan ɗaya kawai za mu iya tsayawa a hanyar Los Angeles zuwa San Francisco, wanne za mu zaɓa?

Abu_Safiyya:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar nan. In sha Allah hutun yara mai zuwa za mu tashi da mota daga Los Angeles zuwa San Francisco, ni da mai ɗakina da yara uku, to babbar 'yata tana aji huɗu, kun san a Kalifoniya a ajin nan ne ake koya musu tarihin jiha har da tsofaffin gidajen mishan ɗin nan da Sifaniyawa suka gina, tun da aka fara musu darasin ta hana ni sakat wai sai ta ga ɗaya da idonta. Na duba na ga ashe guda 21 ne, daga San Diego da aka kafa a 1769 har Sonoma a 1823, kai na ya ɗaure wallahi. Lokacinmu ba yawa, guda ɗaya za mu iya tsayawa kamar awa biyu zuwa uku, ƙaramin kuma shekararsa huɗu ba ya zama wuri ɗaya. Wani abokin aikina ya ce San Juan Capistrano ta fi kowacce. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min, wacce ce idan yaro ya gani zai fahimci yadda aka yi rayuwa a wurin, ba hoto kawai ba?

Direban_Tirela:

Wa alaikumus salam. Malam abu na farko tukuna, wace hanya za ka bi? Don in ka bar taswirar waya ta zaɓa maka to I-5 za ta jefa ka, ita ce gajeriya kamar awa shida, amma da zarar ka fita daga Los Angeles babu mishan ko ɗaya a kanta, sai gonaki da zafi. Yawancin mishan ɗin suna layin 101 ne, ita ce ta bi sawun tsohuwar hanyar da suke kira El Camino Real, za ka dinga ganin ƙananan ƙararrawa a rataye kan sanduna masu lanƙwasa a gefen titi, ka sa yaran su dinga ƙirgawa ma zai rage musu gajiya. Ka ƙara awa ɗaya da rabi ko biyu a lissafinka.

Capistrano kuwa abokinka bai yi ƙarya ba, tana da kyau, amma tana kudu da Los Angeles ne, kai kuma arewa ka nufa, ka ga sai ka yi baya kusan mil 60 sannan ka dawo ka sake ratsa cunkoson garin. Ka bar ta sai wata Asabar ɗin daban. Ni in don sauƙi ne Santa Barbara, awa biyu daga gida, mintoci kaɗan daga bakin 101.

Maman_Khalil:

Baban Safiyya ni dai da yara La Purisima zan ce maka, kuma ba zan canza ba. Mun je Santa Barbara mun je can, bambancin a fili yake. Santa Barbara kyakkyawa ce ba musu, hasumiya biyu, ga fili da wardi a gabanta, shi ya sa ake ce mata sarauniyar mishan, amma har yanzu coci ce da ake ibada a ciki, limamansu na nan zaune tun 1786, so dole ka yi ta riƙe hannun yaro kana cewa yi shiru, kar ka taɓa. Namu ƙaramin minti ashirin ya yi ya fara kuka.

La Purisima kuma gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita a matsayin wurin tarihi, tana kusa da garin Lompoc, in ka kai Buellton sai ka sauka daga 101 ka ɗauki 246 ka yi yamma, bai kai rabin awa ba. Ba gidaje a kewaye da ita, ba shaguna, fili ne fetal da tuddai, ka tsaya a tsakar wurin kamar an mayar da kai shekara ɗari biyu baya. Gine-ginen na tubalin ƙasa ne a jere doguwar sahu, katangar in ka dafa ta da rana tsaka sanyi ƙalau. An jera kayan kowane ɗaki yadda yake a da, ga masaƙa da zaren ulu a jiki, ga maƙera, ga ɗakin sojoji da gadajensu na igiyar fata, ga manyan tukwanen da ake narka kitsen shanu a yi kyandir da sabulu. Akwai dabbobi a garke, jakuna da dawakai da shanu masu dogon ƙaho, da wasu tumaki da za ka ga rago da ƙaho huɗu, Khalil ya fi minti goma a jikin shingen nan yana ƙirga ƙahon yana sake ƙirgawa ya ƙi yarda. Kuɗin shiga ma na mota ake biya ba na kowane kai ba, ku biyar ka ga da sauƙi.

Ku tafi da ruwa da abin da za ku ci don babu mai sayarwa a ciki, da rigar sanyi, iskar wurin ba ta da kirki ko da rani. Takalmi kuma wanda ba ka jin tausayinsa, ƙura ce.

Malam_Dattijo:

Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai zan ƙara abu biyu saboda yarinyar karatu ta je yi. Na ɗaya, yawancin abin da za ku gani a La Purisima sake ginawa aka yi. Ta farkon da aka kafa a 1787 girgizar ƙasa ta rushe ta a Disamban 1812, suka matsa wani wurin suka gina wannan, shi ya sa ma aka yi ta a miƙe maimakon murabba'i irin na sauran. Bayan Meziko ta karɓe gidajen mishan daga hannun coci a shekarun 1830 wurin ya zama kango, sai a shekarun 1930 matasan da gwamnatin Amurka ta ɗauka aiki lokacin karayar tattalin arziki suka tashe ta, da hannu suka buga tubalin kamar yadda aka yi na asali. In kana son ganin abin da hannun mutanen wancan lokacin ya taɓa ba a sake shi ba, San Miguel ce, tana bakin 101 daidai bayan Paso Robles, zanen bangon cikin cocin na asali ne ba a taɓa sake fentinsa ba, ko minti talatin ka tsaya ya isa.

Na biyun shi ne ya fi damuna. Don Allah kar ku tafi ku dawo da labarin furanni da ƙararrawa kawai. Waɗanda suka buga tubalin nan suka yi noman suka yi jimar fatun 'yan asalin ƙasar ne, a wannan yankin ƙabilar Chumash. Wanda aka yi wa baftisma ba shi da ikon komawa ƙauyensu yadda ya ga dama, in ya gudu sojoji su bi shi su dawo da shi a yi masa bulala. 'Yan mata marasa aure ɗaki guda ake kulle su da dare, akwai ɗakin a La Purisima, ku shiga da Safiyya ta gani. Cututtukan da baƙin suka zo da su irin ƙyanda sun kashe su ba adadi, musamman jarirai. A 1824 Chumash suka yi bore bayan wani soja ya zane ɗansu a mishan ɗin Santa Ines, suka riƙe La Purisima kusan wata guda kafin sojoji su zo daga Monterey su ƙwace ta, aka yanke wa bakwai hukuncin kisa. Ni ranar da na shiga maƙabartar Santa Barbara na ga an ce Chumash kusan 4,000 ne a binne a ɗan filin nan, ga kaburburan manyan gari da sunaye a sassaƙe a dutse su kuma ko alama babu, na daɗe a tsaye ban iya cewa komai ba. Jikokinsu na nan da rai har yau a yankin. Shi ya sa da Fafaroma ya ayyana Junipero Serra, wanda ya fara kafa mishan ɗin, a matsayin waliyyi a 2015 da yawansu suka nuna ɓacin rai.

Direban_Tirela:

Allah ya ƙara girma Malam. In kuma ƙarfi ya rage muku washegari, kabarin shi Serra ɗin yana mishan ɗin Carmel kusa da Monterey, can ya rasu a 1784, ginin dutse ne da ƙubba irin ta Andalus a kan hasumiyar. Amma kar ka ce za ka bi ta bakin teku ta Big Sur ba ka duba ba, zaftarewar ƙasa na yawan rufe hanyar nan, ta Salinas za ka shiga.

Abu_Safiyya:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Dattijo maganarka ta shige ni, na karanta wa Safiyya daren jiya ta yi shiru can sai ta ce to su yaran da aka kulle ina iyayensu suke kwana, na ce in mun je za mu tambayi masu kula da wurin tare. Mun tsayar da La Purisima, za mu fita bayan asuba mu isa da hantsi, in yaran ba su gaji ba mu leƙa San Miguel da la'asar. Maman Khalil tambaya ɗaya, keken tura yaro zai iya bin hanyoyin cikin ko in bar shi a but?

Maman_Khalil:

Ka zo da shi in mai manyan taya ne, hanyar ƙasa ce amma a shimfiɗe take a wajen gine-ginen. Mai ƙananan taya kam yashi zai riƙe shi, mu goyo na yi a ƙarshe.