Neman kalmar Hausa: yadda ayisin filashin waya yake kare kansa

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar zan fara koya wa wasu yara gyaran waya, yawancinsu masu zama a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ne, kuma na yi musu alkawarin takarda da Hausa. Ga shi yau Laraba. Inda na maƙale shi ne ɗan ayisin nan (IC, wato ɗan guntun lantarki da ke kan allon cikin waya) da ke kunna fitilar kyamara. Na ɗauki LM3644 na kamfanin Texas Instruments a matsayin misali. Yana iya tura har amfiya 1.5 cikin fitila, amma idan zafin cikinsa ya kai digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, ko wutar da yake fitarwa ta kai bolt 5, ko ƙafafun fitilar suka haɗu, sai ya yanke wutar da kansa. Takardar kamfani ta kira wannan "fault protection". Me zan ce da Hausa? Kuma shi kansa ayisin, da suke kira "driver" fa?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Rigakafi mana, ƙanena. Rigakafin lalacewa. Kowa ya san kalmar, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Injiniya daga Zariya: Hajiya, a gafarce ni, rigakafi kafin cuta ake yin sa. Shi wannan ayisi sai abu ya riga ya auku yake motsawa. A ce dalmar ƙafar fitila ta saki. Ayisin zai yi ta ɗaga wuta yana neman hanyar da za ta bi, babu hanya, har ta kai bolt 5, a nan zai tsaya. Matsalar ta riga ta faru, shi dai ya hana ta cin gida ne. Ni "kariya" zan ce. Kariya daga tangarɗa.

Ɗan Fagge: Tangarɗa ta kwanta mini fiye da lalacewa, kuma ga dalili. Makon jiya wani yarona ya karɓi waya, filashi ba ya kamawa. Ko mita bai ɗauka ba, ya sa iska mai zafi ya ɗaga ayisin, ya sa wani. Shiru. Da na sa gilashi na duba, dalmar ƙafar fitila ɗaya ce ta tsage, siririya kamar gashi. Ayisin farko lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi. Idan na rubuta "lalacewa", yaro zai ɗauka ayisin ne ya mutu. Wannan nake gudu.

Baba mai rediyo: Duk kun bar babbar magana kun kama ƙarama. Direba kuke shirin rubutawa, na sani. Direba a tasha yake. Abin da ke riƙe wuta, ya sake ta daidai gwargwado, ya ja ta baya in ta nemi yin tawaye, sunansa linzami. Linzamin fitila. Kariyar kuma ita ce jan linzami. Da kalma ɗaya kun gama.

Injiniya daga Zariya: Ranka ya daɗe, siffar ta yi kyau ƙwarai. Sai dai linzami ya riga ya yi nauyi da kaya. Ga makami mai linzami a labarai, ga linzamin kwamfuta. Yaron da ya je kasuwa ya ce a ba shi linzamin fitila, hannu wofi zai dawo.

Baba mai rediyo: To ai haka ake farawa. Da wa ya san jirgin sama? Bahaushe ya dubi jirgin ruwa ya ɗora masa sama, ya zauna. Ku 'yan boko kunyar harshenku kuke ji, shi ya sa kome sai an aro. Shekara arba'in ina riƙe da ƙarfen dalma, ban taɓa rasa yadda zan yi wa yaro bayani da Hausa ba.

Malamar Hausa: Baba, aro ba abin kunya ba ne. Rediyon da kake gyarawa ma aro ne, haka batir, haka fitila da ta zo mana daga Larabci tun tuni. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a rubuta jimla rabi Hausa rabi Turanci, ba a gyara bakin kalma ba.

Ɗan Damagaram: Ku riƙa tunawa da mu. A nan Nijar kuran muke ce wa wutar lantarki, takardun namu kuma da Faransanci suke zuwa. In kun aro daga Turanci kun bar mu a baya. In kun siffanta abin da Hausa, kowa ya samu. Saboda haka ina bayan Baba.

Injiniya daga Zariya: Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. Amma akwai inda siffantawar ma take ba mu wahala. "Ƙarfin wuta" muke ce wa bolt, "ƙarfin wuta" muke ce wa amfiya, alhali ayisin nan ya raba su. Kariya ɗaya tana duba kada bolt ya haura, wata tana taƙaita amfiyar da ke bi ta cikin naɗin wayar tagulla (kwayil), wata kuma tana sa ido kan batir. Batirin waya bolt 4.2 ko sama da haka kaɗan yake idan ya cika, in ya yi ƙasa kuma filashi ya zuƙi wuta da yawa, wayar na iya mutuwa ana cikin ɗaukar hoto, shi ya sa ayisin yake rage wa fitila. In ka kira duka ukun "ƙarfin wuta", yaro ba zai san abin da zai auna ba. Ina ba da shawarar matsin wuta ga bolt, kwararar wuta ga amfiya.

Ɗan Fagge: Na ɗauka. Saura biyu. Akwai iyakar lokacin da filashi zai yi a kunne, a wannan ayisin bai kai rabin sakan ba, in ya cika sai ya kashe ko ba a umarce shi ba.

Malamar Hausa: Wa'adi. Cikar wa'adin filashi.

Baba mai rediyo: Wannan kam babu gardama.

Ɗan Fagge: Na biyun, bayan ya yanke wuta yana ajiye alama a cikinsa. In zafi ne ya kashe shi, ba zai sake kunnawa ba sai ƙwaƙwalwar wayar ta karanta alamar. Turawa tuta suke ce mata.

Ɗan Damagaram: Bar tuta. Shaidar tangarɗa ta fi.

Ɗan Fagge: To ga abin da zan buga: kariya daga tangarɗa, kariyar zafi, kariyar matsin wuta, cikar wa'adi, shaidar tangarɗa. Haɗuwar ƙafafu zan rubuta, in ƙara da cewa shi ne shot ɗin da suke faɗa a shago. Shi kuwa sunan abin, ayisin filashi zan bari a kanun darasi saboda kasuwa. Baba, linzami zai shiga cikin bayani, inda nake nuna yadda yake jan wuta baya.

Baba mai rediyo: A cikin bayani kawai? Ban gamsu ba, ɗana. Amma lokaci ya ƙure maka, je ka buga. Ranar Asabar ka faɗa wa yaran duka biyun, ka dawo ka gaya mana wanda ya zauna a bakinsu.