Matsakaicin hali a falsafar Aristotle: shin rabi da rabi yake nufi?

Tambaya:
Assalamu alaikum, malamai. Na karanta cewa Aristotle, masanin Girka da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce kyakkyawan hali yana tsakanin wuce gona da iri da gazawa. Shin nufinsa a auna kowane hali a tsaya a tsakiya daidai?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba lissafi yake nufi ba, domin matsakaicin ya danganta da mutum da halin da yake ciki. Shi da kansa ya kawo misalin Milo, shahararren ɗan kokawa, wanda abincin da zai yi masa kaɗan zai yi wa sabon ɗan wasa yawa. Haka jarumtaka take tsakanin tsoro da ganganci, kyauta kuma tsakanin rowa da almubazzaranci, kuma hankalin da ya goge da rayuwa ne yake gane inda ya dace a tsaya.

Amsa ta biyu:
Ina ƙarawa da cewa ya cire sata da zina da kisan kai, domin a wurinsa babu matsakaici a cikinsu.

Amsa ta uku:
Malam, a ganina muhimmin abu shi ne saɓaninsa da Socrates, masanin Girka da ya gabace shi, wanda ya ɗauki nagarta a matsayin ilimi. Aristotle ya ce da aikatawa ake samunta, kamar yadda magini yake ƙwarewa ta hanyar yin gini.