Senior, principal, chief, main: wai wanne ne ya fi girma?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu turanci ku taimaka min. Ban daɗe da kama aiki a sakatariya ba, abin da yake ɗaure min kai shi ne rubutun jikin ƙofofin ofisoshi, wannan ƙofar an sa Senior Admin Officer, ta kusa da ita Principal Admin Officer, can ƙarshen baranda kuma Chief Admin Officer, ni dai a sanina duk babba suke nufi, to waye babban a cikinsu? Ba na so a ba ni fayil in tsallake wani in shiga wajen wani a ɗauka raini ne. Sannan ko a rubutu ma yaushe ake sa main, yaushe ake sa major ko prime? Na gode.

Baba_Mai_Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa wa aikin albarka. A aikin gwamnati waɗannan kalmomin kowacce da matakin albashinta, ba wai mutum ne yake zaɓar wadda ta yi masa daɗi ba. A tsarin tarayya mai digiri yana shigowa a mataki na 8, ya hau na 9, in ya kai na 10 shi ne senior. Daga nan sai principal a mataki na 12, don a wannan layin ba a taka 11, sai assistant chief a 13, sai chief a 14. Sama da shi kuma an shiga sahun daraktoci, 15 zuwa 17. Jihohi akan ɗan samu bambanci daga can sama amma jerin ukun nan ba ya canzawa, senior ne ƙarami, principal na tsakiya, chief shi ne oga. Mutane da yawa suna ruɗewa saboda senior ta fi cika baki, alhali ita ce ta ƙasa.

Malam_Na_Turanci:
Baba ya gama magana a kan ofis, bari in ɗora a kan rubutu. Matsalar ita ce mu da kalma ɗaya muke gama komai, babban titi, babban dalili, babban alƙali, su kuwa kowane wuri da tasa kalmar, shi ya sa nake ce wa ɗalibaina kar su haddace kalmar ita kaɗai, su haddace ta tare da wadda take bi.

Main ita ce ta yau da kullum, the main gate, the main road, the main reason, kuma dole sai suna ya biyo bayanta, ba a cewa this reason is main, kuma ba a sa ta a muƙamin mutum. Major kuwa ba lallai ta zama ta ɗaya ba, tana cikin manya dai. In kin ce a major problem kina nufin matsala ce babba amma akwai irinta, in kin ce the main problem to ita ce uwar sauran. Ki lura ma ɗaya da "a" take tafiya ɗaya da "the", wannan kaɗai ya isa ya nuna miki bambancin.

Principal in ta zo a gaban suna kusan ɗaya take da main sai dai ta fi zama ta takardun hukuma, the principal cause. Ita ce kuma shugaban sakandare, ita ce uwar kuɗin bashi a banki kafin a ɗora ruwa. Dan Allah a kula da principle mai ƙarewa da le, furuci ɗaya ne amma ita ƙa'ida take nufi, wlh ina baƙin cikin yawan takardun neman aiki da ake rubuta wa The Principle, tun daga layin farko mutum ya rage wa kansa daraja.

Prime ba ta yawo sosai, wurarenta ƙidayayyu ne, prime minister, prime suspect, prime time. Primary asalinta na farko, shi ya sa firamare take ƙasa da sakandare, amma in aka ce our primary concern to nan abin da ya fi muhimmanci ake nufi. Paramount kuma ita tana iya tsayawa a ƙarshe, safety is paramount.

Ɗan_Maraɗi:
Mu nan Nijar chef muke da ita ta Faransanci, chef de canton, chef de service, asalinsu ɗaya da chief. Amma in kun zo rubutu da Ingilishi kar a manta da "i" ɗin nan, don chef a Ingilishi kuku ne, mai dafa abinci.

Lauya_KD:
Ƙarin bayani kaɗan daga ɓangarenmu. Supreme ita ce wadda babu wani a samanta, Supreme Court kotun ƙoli kenan, shugabanta Chief Justice of Nigeria, amma na babbar kotun jiha Chief Judge ake ce masa ba Chief Justice ba, 'yan jarida ma suna yawan haɗa su. Kuma fa kar a dogara da girman kalma kawai, a jihar New York ta Amurka kotun da ake kira Supreme Court ba ita ce ta ƙoli ba, Court of Appeals ce a samanta. Haka a soja, Manjo ya fi Laftanar amma Laftanar Janar ya fi Manjo Janar, dalili kuwa asalin sunan Sergeant Major General ne aka yanke farkonsa. A jami'a ma Vice Chancellor ne mai gudanar da komai, Chancellor galibi basarake ne da ake gani ranar yaye ɗalibai. A jamhuriya ta farko kuma Tafawa Ɓalewa ne Prime Minister na ƙasa baki ɗaya, Sardauna kuma Premier na jihar Arewa har 1966, kalmomin 'yan uwan juna ne amma kujerun daban.

Ummu_Hanan:
Kai masha Allah na ƙaru sosai, Allah ya saka da alheri. Baba saura tambaya ɗaya, in zan rubuta wa shi na ƙarshen barandar takarda zan iya sa Dear Chief kawai?

Baba_Mai_Ritaya:
A'a 'yata kar ki yi haka. Chief ita kaɗai a gaban suna sarauta ce musamman a kudu, kamar Chief Obafemi Awolowo. Ki rubuta cikakken muƙaminsa a sama, The Chief Administrative Officer, ki buɗe da Sir ko Madam, sannan takardar ta bi ta hannun wanda yake samanki kai tsaye ya sa hannu tukuna kafin ta wuce gaba.