Neman shawara kan gyaran moto mai maganaɗisu wanda ba shi da kabon

Ɗan Sabon Gari

Assalamu alaikum, manyanmu da abokan sana'a. Ina da shagon naɗin moto a Sabon Gari, kuma yawancin aikina bai wuce moton injin niƙa da famfon rijiyar burtsatse da fanka ba. A wannan makon wani mai ƙaramin kamfanin yanka leda ya kawo mini moton da ke jan leda a injinsa, mai ƙarfin kilowat 3, irin wanda ba shi da kabon, wanda maganaɗisu ke manne a jikin rotarsa, wato ɓangaren ciki da ke juyawa. Ya ce yana ƙara, yana zafi, sannan diraif, wato akwatin da ke sarrafa wuta da gudun moton, yakan yanke wuta bayan an ɗan yi aiki, don haka shi ya riga ya yanke hukuncin cewa koyil ne ya ƙone.

Idan na juya shaf ɗin da hannu sai in ji yana ɗan cijewa yana saki, a bayansa kuma akwai murfi mai soket mai ƙananan haƙora. Har yanzu ko noti ɗaya ban kwance ba. Shin wannan cijewar alamar lalacewa ce? Kuma zan iya ƙone tsohuwar wayar in zare kamar yadda muka saba?

Injiniya daga Samaru

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dabara da ba ka buɗe ba, domin a irin wannan moto gwajin da ya fi amfani ana yin sa ne tun yana rufe. Ɗan cijewar da kake ji ba cuta ba ce, maganaɗisu ne ke jan haƙoran siteta, wato ɓangaren da ba ya juyawa inda koyil yake, ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da za ka yi. Ka raba wayoyin nan uku, U da V da W, ka juya shaf ka riƙe nauyinsa a ranka, sannan ka haɗa biyu daga ciki ka sake juyawa. Za ka ji ya yi nauyi yana fizga, kuma dole nauyin ya zama iri ɗaya a kowane biyun da ka haɗa. Idan kuwa wayoyin suna rabe amma ya riga ya yi irin wannan nauyin, to akwai inda koyil ya haɗu a ciki.

Daga nan ka auna ohm tsakanin layukan uku, su fito kusan daidai, ka kuma gwada su da mega, na'urar auna lafiyar rufin waya, a kan volt 500 tsakaninsu da gangar jikin moton, bayan ka cire wayar diraif da ta enkoda, wato na'urar da ke cikin murfin baya, domin mega tana kashe su nan take. Gwaji na ƙarshe shi ne na maganaɗisun kansa: a juya moton da wani inji a gudun da aka sani, misali zagaye 1,000 a minti, a auna wutar da yake fitarwa, a kwatanta da abin da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta. Idan layukan uku sun yi daidai da juna amma duk sun gaza adadin da nisa, maganaɗisu ya yi sanyi, kuma sabon naɗi ba zai dawo masa da ƙarfi ba. Ka kiyaye hannunka lokacin wannan gwaji, saboda moton yana zama janareta da zarar ya juya, ko da babu wayar da ta haɗa shi da wuta.

Baba mai naɗi, Tudun Wada

Yaro, wuta da wannan rota ba sa haɗa hanya. Maganaɗisun da ake sa wa irin waɗannan na niyodimiyom ne, mai ƙaramin daraja yana fara rasa ƙarfi tun daga digiri 80, masu daraja kuma sukan jure 150 zuwa 180, alhali wutar da muke ƙona banish da ita ta haura 300. In ma ta kama sai an ƙone wayar, to rota ta fita tukuna, a kai ta can nesa. Ko sitetar ma ba a gasa ta a kan itace da taya, domin zafin da ya wuce kima yana cinye rufin da ke tsakanin siraran ƙarafan, moto ya dawo yana zafi fiye da da.

Zare rotar shi ne wurin da ake jin ciwo. Da zarar murfi ya saki boris, rota za ta faɗa jikin siteta ta manne, kuma maganaɗisu yana da gautsi kamar tangaran, bugu ɗaya ya isa ya ɓare shi. Ka ɗaure gangar jikin a benci, ka zura siririn kwali ko roba a ratar da ke tsakani, ka tura rotar da fula, wato ƙarfen zaro boris, a hankali, kada yatsa ya shiga tsakani ko da wasa. Ka share bencin tas kafin ka fara, kada mai walda ko mai guga ya yi aiki kusa, domin garin ƙarfe yakan taso daga nesa ya lulluɓe ta. Tana fita ka naɗe ta da leda mai kauri, ka nisanta waya da agogo, mai na'urar bugun zuciya kuma kada ya kusanto. A zamaninmu an koya mana cewa rota ba ta kwana a waje sai an sa mata zoben ƙarfe, in ba haka ba ƙarfinta ya zube.

Injiniya daga Samaru

Baba, Allah ya ƙara girma, duk bayaninka haka yake, sai dai maganar zoben ta shafi tsohon moto mai maganaɗisun alniko ne. Niyodimiyom, wanda ya shigo kasuwa bayan 1984, ba ya rasa ƙarfi don an zare shi daga siteta. Zafi da tsatsa da wutar da ta wuce kima su ne abokan gabansa.

Abin da na fi jiye wa Malam tsoro shi ne murfin bayan nan. Enkoda ce a ciki, ita ke gaya wa diraif inda rota take a kowane lokaci, wato aikin da kabon ke yi a tsohon moto ita da diraif suka gaje shi. An saita ta a wani kusurwa takamaimai tun daga kamfani, kuma idan aka mayar da ita a karkace, moton zai ja wuta da yawa ba ƙarfi, ko ya yi ta karkarwa, ko ya zabura da gudun da ba a umarce shi ba. Kafin a kwance ta, a ba moton 'yar wutar DC kaɗan tsakanin layi biyu har rota ta tsaya cak, a yi alama a shaf da murfi da jikin enkodar, a ɗauki hoto. Wasu kamfanonin suna ajiye wannan saiti a ƙwaƙwalwar enkodar, sai da manhajarsu ake gyara shi, don haka a duba littafin diraif ɗin tukuna a ga ko yana iya nemo kusurwar da kansa.

Ɗan Sabon Gari

Na gode, Baba, na gode, Injiniya. Na yi gwaje-gwajen, layukan uku sun yi daidai, mega ma ba ta nuna matsala ba. Sai dai shaf yana wasa sama da ƙasa a gaba, kuma ƙura ta toshe haƙarƙarin jikin moton har ta daskare. Mai kayan ya nace sai an yi naɗi, wai da zafi ya ga yana yi.

Mai kula da injuna, Dakace

Malam, kada ka taɓa koyil mai lafiya don a faranta wa mai kaya rai. Ka juya shaf ɗin a gabansa ya ji wasan da hannunsa. Boris ne ya ci, kuma idan aka bar shi rota za ta fara gugar siteta. Ka canza duka biyun, na gaba da na baya, da lamba iri ɗaya, har da harafin C3 mai nuna ratar cikin boris idan yana jikin tsohon, ka kuma kula da jabu, domin sun cika kasuwa. A ɗumama sabon boris kada ya wuce digiri 110, a zura shi ba guduma, saboda faifan enkoda na gilashi ne a yawancinsu. Ka fasa tsohon ka duba hanyar ƙwallayen: idan ka ga layi-layi a jere, wuta ce ke bi ta cikinsa daga diraif, sai a gyara wayar ƙasa ta injin, in ba haka ba sabon ma ba zai daɗe ba.

Shi kuma mai kamfanin ka gaya masa cewa yawancin waɗannan an ƙera su ne don ɗakin da bai wuce digiri 40 ba, ɗakin kwano kuwa a Zariya cikin Maris da Afrilu yakan haura haka, ga ƙurar hunturu da ta riga ta lulluɓe jikin. Ya sa yaransa su riƙa hure moton da matatar akwatin diraif duk mako. Ranar mayarwa kuma a jira kamar minti 15 bayan kashe wuta, a auna da mita kafin a sa hannu, domin diraif mai aiki da volt 400 yana riƙe kusan 560 a cikinsa.